Alalar Da Ta Keta Al'ada

Ranar Asabar ɗin nan, a wajen wata walimar saukar karatu, Allah ya haɗa ni zama da wani ɗan boko mai ƙaton agogo, wanda tun daga shimfiɗa tabarmi har zuwa shafa fatiha, babu abin da ya gifta ta gabansa face ya jefe shi da kalmar nan ta Ingilishi da ta zame wa mutanenmu wuridi, wato "wandaful", ma'ana abin al'ajabi. Karatun yaro wandaful, rawanin liman wandaful, janareto da ya yarda ya tashi wandaful. Da aka miƙo masa alala a leda kuwa, sai ya lumshe ido, ya kaɗa kai, ya maimaita ta har da jan wasali.

To, malamanmu na zaure ba su bar sha'anin abin da ya keta al'ada sakaka ba, sun karkasa shi babi babi: mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai, ma'una taimako ne ga sauran muminai, istidraji kuwa talala ce da ake yi wa fasiƙai. Saboda haka na ɗauki tawa alalar na yi mata nazari na tsanaki, ko na gane babin da ta faɗa. Mu'ujiza dai an rufe ƙofarta, babu jayayya. Karama sai an san halin mai girkin, ita kuwa an shaida mini tun asuba take cacar baki da maƙwabta a kan aron tukunya. Ma'una ta ɗan yi kusa, domin wake kaɗan ya ciyar da unguwa guda, amma da na bi diddigin asirin sai na tarar ruwa aka yawaita. Saura istidraji, kuma a nan ne hujja ta tsaya, domin duk wanda ya ci ƙulli uku a cikinmu ya ga sakamako kafin la'asar.

Girkawan dā, duk da faɗin duniyar da suka sani, abubuwan al'ajabi bakwai kacal suka lissafa, waɗanda yau babu wanda ya saura a tsaye sai babbar dalar Giza a Masar. Mutumina ya cika nasa bakwai ɗin tun ba a raba lemo ba. In alala ta cinye kalmar, me za a ce da ranar da ɗan Adam ya taka wata a 1969, ko da hasumiyar Gobarau da ta share ƙarnuka tana tsaye a Katsina, ginin ƙasa?

Duk wannan da sauƙi, mubalaga ce, maroƙa ma suna yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kalmar nan da aka yaba alala da ita, da ita ake tarbar musiba. A ce wa mutum mota ta kife da 'yan kasuwa, ko maƙwabcinsa ya cika, maimakon ya yi salati da istirja'i yadda iyayensa suka hore shi, sai ka ji ya buɗe baki ya ce wandaful. Wannan rashin ladabi ne, ko da da wane harshe aka yi shi.

Tun da kuwa maganar makoki ta shigo, wa ya halatta wa masu ta'aziyya ɗaukar hoto? Mutum ya rasa mahaifinsa, idonsa jajir, sai ga wani ya durƙusa gefensa, ya dafa kafaɗarsa, ya gyara zaman hula, yana umartar yaronsa ya sake ɗauka domin na farko bai fito da zobensa ba, alhali ko addu'a bai yi wa mamacin ba, kuma kafin a tashi hoton ya isa Facebook. Ni dai ga wasiyyata, ku zama shaida: duk wanda ya zo makokina ya ɗaga waya, a karɓe ta, a haɗa da tarikata, a raba wa magada.