Yadda Tsutsa Ta Cinye Mini Gonar Zogale, Gizaka Ta Ƙarasa Ni

Gonarmu ta gado tana kan hanyar Zurmi, kuma duk mutumin Ƙauran Namoda ya san abin da ya sa ba mai kama fartanya ya nufi can da sassafe yadda aka saba. Da zaman ya ishe ni sai na ce to, tun da daji ya gagara, bari in kawo gonar cikin gida. Na share bayan ɗaki, na shuka zogale layi-layi, na kewaye da raga, na kafa doka: kaza ko ɗaya kada ta kuskura ta leƙa. Sannan na tara iyali na yi sanarwa cewa daga bana an daina sayen kwaɗon zogale wurin 'yar talla.

Uwargida ta ce, “Allah ya sa, Malam.” Yadda ta ja “Malam” ɗin bai yi mini daɗi ba.

Zogale ba ya da wuyar sha'ani. Asalinsa daga arewacin Indiya yake, amma ya zama ɗan gida, har mutanen Jiratawa kusa da Maraɗi suka mai da shi sana'a. Da ruwa ya zauna nawa ya yi kore shar. Na fara kai labarinsa majalisa, ina ba mutanen da aka haifa da kalme a hannu shawara kan tazarar shuka.

Wata safiya na fito na tarar ganyen saman ya zama kamar tsohon gidan sauro, jijiyoyi kawai da wata fata fara da ake hango rana ta cikinta. Na fara da akuyar maƙwabci. Na je na yi sallama, na yi magana mai nauyi a kan haƙƙin maƙwabtaka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai akuyar tun kafin Sallah ya kai ta kasuwar Shinkafi ranar wata Alhamis. Na koma kan yara. Daga yara na koma kan bakin mutane, don ai duk wanda Allah ya ɗaukaka ba ya rasa mahassada.

Uwargida ce ta kama reshe ɗaya ta girgiza. Sai ga wasu 'yan tsutsotsi kore-kore, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, suna saukowa a kan zare siriri, suna lilo a gaban hancina.

Nan take na gane ta, ko in ce na yanke hukuncin na gane ta. Na ce wannan ita ce tsutsar nan da ta taso daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Afirka a farkon 2016, har da nan Nijeriya, ta riƙa shiga kwarkwaron masara tana cinyewa. Na yi bayani mai tsawo. Abin da ya rage shi ne waccan masara da dawa ta fi so, wannan kuwa ta zogale ce tsantsa, masana na kiranta Noorda blitealis. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare ke zuba ƙwai a sabon toho, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ɗinke ganye da zare ta zauna ciki tana ci. In ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta shige turɓaya, ta fito da fiffike, a sake sabon lale.

Maganin farko na haɗa shi da kaina: barkono, tafarnuwa, toka da sabulu. Na zuba a famfon feshi na aro, na goya a baya, na shiga gona da tsakar rana don kowa ya shaida. Ban duba inda iska ta dosa ba. Matsa hannun farko, haɗin ya dawo mini cikin ido gaba ɗaya. Na saki sandar, na yi baya, ragar da na kafa wa kaji ta harɗe ni, na zauna daɓas da tanki a gadon baya, ruwan barkono na bin ƙeya zuwa inda ba a faɗa a jarida. Autana ya tsaya a kaina ya ce, “Baba, sun mutu?”

Washegari na shigo da kwalbar fiya-fiya. Uwargida ta tare ƙofa. “Baban Abba, ganyen da za mu ci ɗin za ka zuba wa wannan?” Gaskiyarta, zogale ba auduga ba ne, yau a tsinka gobe yana cikin akushi. Na mayar da kwalbar, na ce dama gwada ta nake yi.

Sai na koma yaƙin hannu. Da magariba ta wuce na ɗauki fitila da gwangwani ina tsince su ɗaya bayan ɗaya. Can jikin katanga na hango wata ƙatuwa mai gashi buzu-buzu, na ce alhamdu lillahi, ga uwarsu. Na damƙe ta da hannu biyu, na share gumin wuya da hannun. Gizaka ce. Ko zogalen ba ta dame ta ba, hanyarta take wucewa.

Wanda bai taɓa gamuwa da ƙaiƙayin gizaka ba, ba abin da zan ce masa ya fahimta. Wuya ya yi rudu-rudu, yatsu suka kumbura, aka shafa manja, aka shafa toka. Ranar kuwa jajibirin Juma'a. Washegari a masallaci a sahu na biyu na zauna, liman na huɗuba a kan haƙuri, ni kuwa ina susa da gefen hula. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne labarin da na samu cewa Turawa ma suna fama. Tun 2006 wata gizaka mai tafiya a jere, kan wannan a wutsiyar waccan, ta bayyana a yammacin Landan tana cinye ganyen manyan itatuwansu na oak, gashinta na sa ƙuraje da ciwon ido da sarƙewar numfashi, har sai ma'aikata sun rufe jiki ruf kafin su cire sheƙarta. Su an gargaɗe su kada su taɓa. Ni ba wanda ya gargaɗe ni, ko da yake yaran unguwa sun ce kowa ya sani.

A ƙofar masallaci wani dattijo mai lambu a bakin gulbin Gagare ya dube ni ya ce, “Malam, mi ad da kai?” Na zayyana masa. Ya yi dariya har da riƙe sanda. Ya ce in sare zogalen daidai gwiwa in kwashe ganyen da ya kamu, sabo zai fito. In tsinci 'ya'yan dogon yaro in daka, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma don rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe tsutsa nan take, ci yake hana ta, sai a yi ta maimaitawa. Sannan ya ce, “Kana da kaji?” Na ce ina da su, na ma killace su nesa da wurin. Ya ce, “To ka kori ma'aikatanka. Wa zai tone waɗanda suka shige ƙasa?”

Dogon yaron kuwa a ƙofar gidana yake, kullum ina faɗa da yara kan su share 'ya'yansa su zubar.

Zogalen ya sake toho, kaji sun koma bakin aiki. Kafin ya isa tsinka, 'yar talla na zuwa kullum da hantsi, kuma yanzu ni ake aika wa yaro in ba da kuɗin. Mai karatu, in ka ga tsutsa mai gashi a jikin katanga, ba ta hanya ta wuce.