Lauya Sai Bayan Sadakar Uku

A Birnin Tsaba, in kana so Alhaji ya daina amsa gaisuwarka, ba sai ka ci bashinsa ba. Ce masa kawai, "Ranka ya daɗe, da ka nemi lauya ya rubuta maka wasiyya." Zai ajiye carbi ya ƙare maka kallo: "Wa ya aiko ka, uwargida ko amarya?" A wurinsa rubuta wasiyya kiran ajali ne, alhali hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya hori mai abin wasiyya da kada ya kwana biyu bai rubuta ba.

Lissafin dukiyar Alhaji a kansa yake. Gonar fadama jingina ce, shi da mai ita kaɗai suka sani. Shanu suna hannun makiyayi. Yana bin bashin hatsi a kasuwar Shinkafi, yana da shago a Ƙaura Namoda, takardar shagon kuwa tana ƙarƙashin katifa, gara na nazarinta. Ranar da rai ya yi halinsa, a binne shi tare da lissafin.

Ana watsewa daga sadakar uku sai kowane ɗaki ya gano amfanin lauya. 'Yan ɗakin uwargida su nufi Gusau neman mai kwat da tumbi, wai ramammen lauya alama ce ta bai saba cin shari'a ba. 'Yan ɗakin amarya su ce sai mai Turancin da zai sa alƙali gumi. Ba mai tambayar ko Barista ya san bambancin sumuni da rubu'i.

Jiharmu ce fa ta riga kowace jiha ƙaddamar da Shari'a a 1999, zamanin Yariman Bakura, kuma Suratun Nisa'i ta daɗe da yanka wa kowa rabonsa. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ita ma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran. Matan mamacin da ya bar 'ya'ya sumuni ɗaya za su raba, ko su huɗu ne. Ɗa namiji ya ɗauki rabon 'ya'ya mata biyu. Kwat ba ta ƙara ko taƙi a nan.

Lauyan kirki tun mai gida na numfashi ake nemansa: wanda ya san ilimin gado, ya zauna da malami, ya rubuta kadara da bashi, ya sa shaidu hannu, ya faɗi kuɗin aikinsa tun farko. Shi zai tuna wa Alhaji cewa gidan da ya ba auta da fatar baki, in bai damƙa masa ba har ya rasu, a Malikiyya ya koma cikin gado.

In an ƙi, to a shirya zirga-zirga daga kotun Zurmi zuwa ɗaukaka ƙara a Gusau. A sayar da bijimi a yi kuɗin mota, a sayar da gona a sallami Barista. Ranar yanke hukunci magada su raba tabarma da buta. Shi kuwa Barista, da sunansa ba ya cikin ayar gado, ya fi ɗan fari samu.