Mutanen Gidan da Aka Sa Rauta

Rauta ba ta haihuwar data. Abin da kamfani ya turo ta layi ɗaya shi take raba wa wayoyi da kwamfutocin gida, tamkar tuwo a akushi guda: idan hannu ya yi yawa, loma sai ta ƙanƙance. Masu hannun kuwa kala-kala ne.

Akwai Mai Biya. Shi ya sayo akwatin, shi ke zuba kuɗi duk wata, don haka ya kafa shi a ɗakinsa bayan durowa, inda sai sigina ta ratsa bango biyu kafin ta leƙo tsakar gida. Ba ya faɗin lambar sirri da baki. Sai ka miƙa masa wayarka, ya juya maka baya, ya danna yana waige. Bawan Allah bai san cewa tun daga Android 10 duk wanda ya shiga zai iya fito da hoton QR wani ya haska ba. Sirrin da yake ta ɓoyo har mai wankin gidan ya samu.

Hajiya kuma cewa take, "Ni fa WhatsApp kawai nake yi." Gaskiya ta faɗa. Sai dai tana cikin zauren dangi, da na Islamiyya, da na adashi, da na 'yan ajinsu na sakandare, kuma wayarta na sauke duk bidiyon da aka turo ba tare da ta taɓa ba. Bikin da aka yi a Gusau sau huɗu yake shigo mata, ta zaure huɗu.

'Yar fim ba ta da dogon bayani. Ta kunna Labarina, barci ya sace ta, YouTube ya ci gaba da jero wa filo bidiyo har asuba. In Netflix ne da hoto garau, kusan gigabait 3 ke tafiya a awa ɗaya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Injiniyan Gida, ɗan aji biyu a jami'a. Ya san a rubuta 192.168.1.1 a shiga cikin rauta, ya san 5 GHz ta fi gudu amma 2.4 ta fi ratsa bango, kuma zai yi maka wannan bayani ko ba ka tambaya ba. Duk da haka maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a kashe a kunna. Ranar da abin ya ƙi, sai ya ɗauko tsinken sakace ya soka a ɗan ramin nan na baya. Komai ya goge, sunan layi da lambar sirri suka koma na kamfani, gida ya kwana ba intanet shi kuma yana cewa, "Baba, a ba ni minti biyar."

Maƙwabci fa? Bayan isha'i za ka gan shi jingine da katangarku, fuskarsa na haske, wai iska yake sha. Washegari ya tare maigida a ƙofar masallaci: "Alhaji, jiya sabis ɗinmu ba ƙarfi, lafiya dai?" Ɗinmu!

Babban maci kuwa ba ya magana. Kwamfutar Yaya ce da aka bari a buɗe kan tebur. Windows na sabunta kansa, hotuna na hawa ma'ajiyar intanet, gigabait na zurarewa, alhali da an shiga saiti an nuna mata layin na awo ne da ta rage ci. Ba wanda ke zarginta. Idan data ta ƙare ranar sha bakwai ga wata aka tara 'yan gida a falo, a kan Auta ake sauke laifi, don an gan shi yana buga ludon da ko intanet ba ya buƙata.