Masu Kawo Laftof a Sa Musu Windo

Sa wa laftof windo ba wani aikin a-zo-a-gani ba ne. A samu fulashi mai gig 8, a zuba masa Windows da 'yar manhajar nan Rufus, a soka, a kunna. In HP ce a yi ta danna F9, in Dell ce F12, sai ta tashi ta kan fulashin. Bayan ta hau sai direbobi, waɗanda ke sa windo ta gane lasifika da wayfay da firinta. Jan aikin yana wurin masu kawo laftof ɗin. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai gyara a Birnin Kudu, inda mutanen Surko da Gwaram da Sara ke fara sauke matsalarsu kafin a ce sai Dutse ko Farm Centre ta Kano, ya san su sarai.

Shugabansu shi ne Malam Babu-Komai. Mai gyara zai tambaye shi, "Malam, akwai abin da za a kwashe kafin a yi fomatin?" Sai ya kaɗa hannu: "Babu komai a ciki, Injiniya, share kawai." A sake tambaya, ya fara jin haushi, wai ana mayar da shi yaro. A share. Windo ta hau, allo ya yi fes, ya yi murmushi, ya matsa kusa, ya ƙura ido, sai murmushin ya fara janyewa. "Af, ina wata 'yar folda da ke nan gefe?" A cikin 'yar foldar nan akwai babi huɗu na furojet ɗin da zai miƙa a Jami'ar Tarayya ta Dutse ranar Litinin, da hotunan bikin ƙanwarsa waɗanda babu su a ko'ina, da lissafin adashin mutum ashirin. Daga nan sai salati, sai neman shaidu, sai ya rantse cewa shi "fomatin kaɗan" ya ce a yi. Irinsa ne ya sa wasu masu gyara ba sa danna komai sai sun sa mai kaya ya maimaita maganarsa a gaban jama'a.

Sai Ɗan Yayi. Laftof ɗinsa Folio ce ta wajen 2012, ta hannu, ta sha duniya kafin ta iso Jigawa, amma shi Windows 11 yake so, don ya gani a wurin abokinsa. A yi masa bayani: da Microsoft ya fitar da ita a Oktoban 2021 ya gindaya sharuɗɗa, ram aƙalla gig 4, ma'aji gig 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in Intel ce sai daga zubi na 8 zuwa sama, tasa kuwa zubi na 3 ce. Ya ce ai ya ji ana yin dabara. Ana yi kuwa. A tura mata da ƙarfi, ta ɗauka tana nishi kamar jakin da aka labta wa buhu uku a hanyar kasuwar Sara. Mako na zagayowa sai ga shi: "Injiniya, mayar min da ta da."

Kishiyarsa Baba Mai Bakwai ne, wanda ke buga takardun neman aiki da na rantsuwa a ɗan shagonsa. Windows 7 ya sani, a kanta zai yi ritaya. A ce masa an daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, har Chrome ma ya yaye ta a 2023, sai ya ce, "Yaro, firintata ta taɓa kawo maka ƙara?" Ni dai ina ganin hujjarsa, muddin bai shiga asusun banki da ita ba. Ita ma Windows 10 da ake yi masa gori da ita, 14 ga Oktoban 2025 aka yanka mata.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Injiniyan Dare. Ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya ga abin ba wuya, ya yi da kansa bayan isha'i. Windon ta hau, a yaba masa. Sai dai babu sauti, haske ya ƙi raguwa, alamar wayfay ta yi ɓatan dabo. Yana son sauko da direban wayfay daga intanet, intanet kuma ba za ta samu ba sai da direban wayfay. Haka zai kwana yana zagaye, alhali wayar da ya kalli bidiyon da ita, in ya haɗa ta da laftof ɗin da igiyar caji ya kunna raba data, an wuce wurin. Wani lokacin ma windo mai bit 32 ya ɗora wa injin da ke da ram gig 8, ya zo yana zargin ɗan kasuwa ya cuce shi, bai san mai 32 ba ta iya ganin fiye da gig 4 ba. In ya iso shago kuwa, magana ɗaya ce: "Wallahi ban taɓa komai ba, na tashi na gan ta haka."

Akwai kuma Mai Wa'azin Linux, wanda bai kawo gyara ba, shiriyar jama'a ya zo yi. Zai gaya maka Linus Torvalds ya fara ta a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, kyauta ce, bayiros bai cika damunta ba, yawancin direbobinta a ciki suke zuwa. Duk gaskiya ne. Sai mai buga katin biki ya tambaye shi ko CorelDraw na hawa, sai wa'azi ya koma tari.

Alhaji Uban Ɗalibi shi da kuɗin aiki yake rigima. "Ɗana, wane ƙarfe ka canja?" "Babu, ranka ya daɗe, windo aka sa." "To kuɗin me zan biya, na kallo?"

Shi kansa mai gyaran ba waliyyi ba ne. Fulashinsa a wuya, ya shiga kwamfuta ɗari ya fito, wani lokaci ciwon da ake zuwa nema wa magani a jikinsa yake. Ka ce windo da direbobi kawai, ya haɗa maka da burauza uku da maganin bayiros biyu masu faɗa da juna. In aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, batirinka kuma ya daɗe da rasuwa, sai ka ji, "Oga, sai dai gobe."

Kai mai karatu, in taka ta fara ciwo, kwashe takardunka da hotunanka a fulashi tun daga gida. In an gama, kada ka hau babur sai ka gwada sauti da wayfay da kyamara a gabansa. Ka kuma ce ya kunna maka madannin Hausa, yana cikin windon ba sai an saya ba, ka buga ƙ da ɗ da ɓ ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.