Shirun Damargu kyauta ne

An ce akwai Turawan da ke jira sai sanyi ya kori masu yawon buɗe ido daga ƙananan tsibiran Girka, sannan su je wai don su sha shiru. Su biya kuɗin jirgi, su tarar da shaguna a garƙame, sai tsofaffi da kyanwoyi. Bayin Allah, da sun tambaye mu! Irin wannan shirun a Damargu kyauta muke raba shi.

Hau mota daga Damagaram, bi hanyar Agadas, sauka Tanut, sannan nemi ɗan kabu-kabu ya kai ka wani ƙauye wajen Gangara ko Belbeji cikin watan Afrilu. Samari sun watse cin rani: wasu Kano, wasu Libiya, wasu haƙar zinariya a Jado. Za ka iske tsoho guda a gindin aduwa, rediyo a kafaɗa, carbi a hannu. Gaisuwarsa sai ta kai tsawon huɗuba, don ya kwana biyu bai samu sabon kunne ba. Mai shayi yana Aljeriya. Mai tsire kuwa sai ranar kasuwa, in da rai.

Hada-hada sai bakin rijiya, inda jakuna ke jan guga da igiya mai tsawon gaske, yara na binsu da tsumagiya. Ka tambayi abin kallo, a nuna maka rumbunan gero, geron da ayarin Abzinawa suka daɗe suna zuwa nema. Ba tikiti. Fura ma kyauta, amma kafin ka ajiye ludayi wata gyatuma za ta ce, "Ɗana, tunda ka san Kano, ba ka ga yarona ba? Dogo ne, baƙi."