Yadda Za Ka Sa Manhajarka Ta Yi Magana Kafin A Ɗauke Wuta

Ba zan koya maka rubuta printf ba. Duk wanda ya tsaya karanta wannan ya riga ya rubuta, ya karkatar da saƙonnin manhajarsa zuwa fayil, ya tafi La'asar, ya dawo ya tarar an ɗauke wuta, fayil kuma wayam. Sannu. Ni ma makon nan na sha tawa.

Na ɗaya, daina cewa kwamfuta ta cinye maka aiki. Lodi take jira. In allo saƙo ya nufa, harshen C layi-layi yake sakinsa. In fayil ne, sai ya tara a bafa, sau da yawa har bayit 4096, kafin ya motsa. Halin motar haya sak: kana tashar Jambutu za ka Mubi, an ce saura mutum biyu, mutum biyun kuwa ko haifarsu ba a yi ba. To fflush shi ne biyan kuɗin kujerun da ba kowa don a tashi. Biya kawai, malam.

Na biyu, ƙofofin fita biyu ne: stdout mai lamba 1, da stderr mai lamba 2, wanda ba ya jiran kowa. Shi ya sa in ka haɗe su a fayil ɗaya da 2>&1 sai ka ga kuskure a sama, "an fara aiki lafiya" a ƙasa, ka kwana kana tonon layin da bai yi maka laifin komai ba.

Af, mu koma kan batun tarawa. Dennis Ritchie da ya ƙirƙiro C a 1972, a Bell Labs ta Amurka yake aiki a lokacin, inda ba a yi wa wuta addu'a. Dabarar tarawa mai kyau ce, tana rage wa na'ura zirga-zirga, ban musa ba. Amma da ya taɓa yin Afrilu ɗaya a Jimeta, zafi ya haura digiri 40, fankar kwamfuta na kuka, batir ya kumbura ba ya riƙe cajin tsawon alwala, mai janareta na maƙwabta ya ce sai bayan Isha, wallahi da ya sake shawara. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama ya tsallako gadar Binuwai daga Girei da aikin kammala karatunsa, ya biya Keke, ya biya shagon caji, sannan ka ce masa sakamakonsa na nan a bafa? Wace bafa? Ta tafi da wutar!

Na uku, ko na huɗu ne? Oho. In kana son gani a allo kuma ka adana, akwai tee. Sai dai da ka saka bututun da ke kai saƙo ga tee, jiran lodi ya dawo. Sa stdbuf -oL a gaba. Masu Python, -u. Na so in yi bayanin setvbuf, amma batir ya fara ja.

Kuma kada fflush ya ruɗe ka: Linux kawai ya miƙa wa saƙon, bai kai faifai ba. Wannan aikin fsync ne.

Ku kuma 'yan'uwa masu tura saƙon kuskure ta stdout, kuna cakuɗa mana shi da sakamako, don girman Allah ku daina.