Nazari a kan Gyaran Akwala a Ƙofar Gida

Daga cikin ƙananan motocin da suka tsufa a titunan arewacin Nijeriya ba tare da an sallame su daga aiki ba akwai Golf ta biyu, samfurin da kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya ƙera tsakanin 1983 da 1992 har guda sama da miliyan 6. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso ƙasar Hausa sai da suka gama ƙuruciyarsu a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ratso Jamhuriyar Nijar ta Maraɗi su shigo ta Jibiya, dalilin da ya sa ake ce musu 'yan Kwatano ke nan, kuma wannan hanya ta ci kasuwarta har zuwa farkon 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Autar cikinsu a yau ta haura shekara 30, saboda haka kusan dukkansu sun kai matsayin akwala, wato motar da ke tashi idan ta ga dama, ta tsaya inda ta ga dama, mai ita kuma ba ya yin alkawarin halartar ɗaurin aure sai ya gindaya sharaɗi.

Gyaran irin wannan mota a gida tsohuwar al'ada ce, amma ta sami sababbin mabiya tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ƙetare naira 1,000 a 2024. Ma'aikacin da tanki ya riga ya lashe masa albashi yakan duba sauran kuɗin da mota ke ci, ya tarar babu wanda zai iya zaftarewa sai ladan bakanike. Abubuwa biyu ne kuma ke ƙara masa ƙwarin guiwa: na farko, injin motar mai sauƙin sha'ani ne, ba a bukatar kwamfuta kafin a gane ciwonsa, na biyu, wayar hannu ta cika da bidiyon Turawa masu tsabtar farce, waɗanda ke kwance inji su ɗaura cikin minti 10 ba tare da noti ko ɗaya ya gangara kwata ba. Misalin da wannan nazari ya dogara da shi shi ne na wani malamin sakandare a birnin Kano, wanda za a riƙa kira Malam kawai domin kare mutuncinsa a idon ɗalibansa, wanda kuma motarsa ba ta da wani ciwo a lokacin da ya ƙudura yi mata magani in ban da 'yar gargada da take yi da safe.

Malam ya zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtace muhalli da ake taƙaita zirga-zirga da safe, bisa tsammanin zai sami natsuwa, alhali kuwa ita ce safiyar da kowane magidanci a layin yake gida kuma ba shi da aikin yi. Kafin ya gama ɗaga bonet, wato murfin inji, ya jera sifanunsa da filaya da sukundireba a kan buhu, kwamitin masu ba da shawara ya riga ya zauna ba tare da an gayyace shi ba. A cikin kwamitin akwai wani tsohon direban babbar mota wanda a wurinsa kowace cuta daga kafireta take, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Akwai mai shayin bakin layi, wanda bai taɓa tuƙa ko keke ba amma ya shekara da shekaru yana sauraron hirar direbobi. Akwai kuma wani dattijo da ra'ayinsa bai taɓa sauyawa ba, cewa a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta. Yaran gida su ne aka ɗora wa riƙon kayan aiki, kuma a hannunsu ne sifana mai lamba 13, wadda notukan motar da yawa ke bukata, ta yi ɓatan dabo tun kafin a fara.

Aikin farko shi ne juyen baƙin mai, wato man da ke zagayawa cikin inji yana hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma matakansa biyar ne: a kwance notin da ke ƙarƙashin kaskon inji, a bar tsohon mai ya tsiyaye, a canza filta, a mayar da notin, sannan a zuba sabon mai kimanin lita 4 ta sama. Malam ya cika matakan nan duka in ban da na huɗu. Bayan ya janye kwanon da ya tari tsohon man, wanda daga baya aka gano shi ne kwanon da uwargida ke kwaɓa fanke a ciki, ya juye galan guda na sabon mai, ya zaro sandar awo ya tarar da ita a bushe, kwamitin kuma ya yanke hukunci da murya ɗaya cewa injin ya daɗe da ƙishirwa, shi ya sa ya shanye. Ana cikin shawarar a ƙaro masa ne ƙaramin yaron gidan, wanda tsawonsa ya ba shi damar ganin abin da manya ba sa gani, ya ce, “Baba, motar tana fitsari.” An sami notin a aljihun gaban rigar Malam, man kuwa ƙasa ta riga ta karɓe shi, sai da aka aika aka sayo galan na biyu.

Aiki na biyu, wanda shi ne jigon wannan nazari, shi ne wankin fulogi. Fulogi shi ne ɗan ƙarfen da ke ƙyasta wuta a cikin silinda, wato ramin da fetur da iska ke ƙonewa su tura fistin, kuma injin wannan mota yana da silinda huɗu, kowacce da fuloginta da wayarta. Wayoyin huɗu suna fitowa ne daga distiributa, na'urar da ke raba wuta ga kowace silinda a daidai lokacin da ta matse fetur ɗinta, kuma rabon ba a jere yake ba, domin tsarinsa shi ne 1-3-4-2. Saboda haka ne kanikawa ke cire waya ɗaya, su gama da fuloginta, su mayar da ita kafin su taɓa ta gaba. Malam kuwa, kasancewarsa mutum mai son tsari, ya tuge wayoyin duka lokaci guda daga kowane ɓangare, ya wanke su da fetur, ya shanya su a kan katanga, sannan ya mayar da su bisa ƙa'idar da yake koya wa yara tun daga aji ɗaya, wato 1-2-3-4. Da wannan jeri silinda ɗaya tak ce ke samun wuta a kan kari, sauran ukun kuwa wuta na iske su ne a lokacin da ba su shirya ba.

Motar ta ƙi tashi, Malam ya yi ta murza makulli har batir ya mutu, daga nan kwamitin ya zartar da turi. Turi shi ne tayar da mota da ƙarfin mutane maimakon ƙarfin batir: direba ya kunna makulli, ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, idan mota ta ɗauki gudu ya sake shi, tayoyi su juya injin. Almajirai da yaran layi da mai shayi suka sa hannu, tsohon direba ya tsaya a gefe yana ba da umarni. Da Malam ya saki kuloci, fetur ɗin da ya taru bai ƙone ba ya kama da wuta a cikin salansa, wato bututun hayaƙi, ya ba da wata ƙara da ta watsa kaji da tumakin layin, ta sa maturan suka tarwatse, wata maƙwabciya kuma ta sa wa ƙofarta sakata ta kira maigidanta a waya tana salati. An maimaita turin har motar ta kai ƙarshen layi ta tsaya a bakin kwata, inda wasu ɗaliban Malam da ke dawowa daga Islamiyya suka tarar da shi cikin riga mai baƙin mai, suka durƙusa suka ce, “Malam, sannu da aiki,” gaisuwar da ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da la'asar aka kira bakanike a waya, shi kuwa da ya ji bayani bai ga dalilin tasowa da kansa ba, ya turo ƙaramin yaron garejinsa a Adaidaita Sahu da batir na aro. Yaron ya leƙa injin ya ce, “Oga, wa ya taɓa wayoyin nan?” Kwamitin da ya yini yana magana ya yi tsit, in ban da tsohon direba, wanda ya tuna nan take cewa tun da safe ya so ya faɗi haka. Yaron ya sauya wa wayoyi uku mazauni, ya ɗaura batir, motar ta tashi da murzawa ɗaya, tare da gargadarta ta asali yadda take. Da ya buɗe gidan filtar iska sai ya tarar ƙurar hunturu ta toshe ta, injin yana samun fetur fiye da iskar da za ta ƙone shi, ya kakkaɓe ta ya mayar, gargadar ta ɗauke. Wannan shi ne ciwon motar tun farko, kuma maganinsa bai bukaci sifana ba.

Idan aka yi lissafi, Malam ya biya galan biyu na baƙin mai maimakon ɗaya, ya biya cajin batir da ladan matura da kuɗin Adaidaita zuwa da komawa da ladan yaron gareji, sannan ya sayi sabon kwano, wanda uwargida ta zaɓa da kanta ba tare da la'akari da farashi ba. An kuma sami rarar noti biyu da har yau ba a san mazauninsu ba, suna nan a but ana yawo da su ko wata rana mota za ta neme su. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ba laifin motar ba ne, domin duk abin da ya same ta a ranar hannun mai ita ne ya jawo shi.

Ba a nufin cewa mai akwala ya naɗe hannu, domin akwai ayyukan da suka dace da ƙofar gida: duba baƙin mai da man birki da ruwan lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya inji, kakkaɓe filtar iska a lokacin hunturu, goge kan batir idan ya yi farin gishiri, da duba iskar taya. Akwai kuma abubuwan da ba na dariya ba ne, kamar buɗe murfin ruwa alhali inji yana da zafi, domin ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, da an buɗe kuwa sai ya yi tsiri ya ƙona fuska, ko kuma shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan bulon siminti, wanda ke iya fashewa ba sallama. Birki da sitiyari da wayarin kuwa na masu sana'ar ne. Mai karatun da ya ƙudura taɓa injinsa da kansa, ya ɗauki hoton komai da wayarsa kafin ya kwance, ya cire waya ɗaya-ɗaya, ya laluba aljihunsa kafin ya zuba mai, ya kuma tanadi kuɗin bakanike a gefe tun kafin ya ɗaga bonet.